Magana a Gida, Inji a Waje

     

Sharhinmu na yau a kan aikin ɗab'i ne, wato buga littafi ko ƙasida ko ƴar jarida. Kada wani ya ce ai wannan zancen mutanen Yamai ne. Namu ne, mu mutanen Madarunfa da kewaye. Ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa na bukatar takardar da za ta nuna yadda ake zuba taki da fesa magani. Matan da ke zaman asusu na Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a nan jihar Maraɗi tun 1991, suna bukatar littafin koyon lissafi. Malamin islamiyya ya rubuta ɗan littafi kan tsarki da salla, yana son ya shiga hannun ɗalibai. Ma'aikatar magajin gari na son talakawa su karanta bayanin haraji da harshensu. Ga kuma yarinyar da ta cika littattafan rubutunta da labari, tana fatan wata rana ta ga sunanta a bangon littafi.

Dukansu tambaya ɗaya ce ke gabansu. Mu ɗauki ma'aikata, mu sayi inji, mu yi komai a gida? Ko kuwa mu ba wasu kwangila su yi mana?

Tambayar ta ƙara nauyi yanzu. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ke nan takardun Hausa za su ƙaru. Idan ba mu tsara yadda za mu buga su ba, za a yi ta kashe kuɗi ana tara abin da ba mai karantawa.

Zan faɗi matsayina tun da wuri, sannan in kawo hujja. Magana ta zauna a gida. Inji a neme shi a waje. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komawa kansa.

To, bari mu fara da fahimtar aikin kansa.

Mutane da yawa na ɗaukar ɗab'i a matsayin aiki guda. Ba haka ba ne. Gida biyu ya rabu. Akwai aikin magana: a rubuta, a fassara, a tace, a gyara ƙa'idar rubutu, a tabbatar mai karatu zai gane. Akwai kuma aikin ƙarfe: a buga, a naɗe, a ɗinke, a yanke gefe, a ɗaure a kwali. Na farko aikin kai ne da sanin jama'a. Na biyu aikin inji ne da wutar lantarki da jari.

Uwayenmu mata sun fi kowa gane wannan. Ba kowane gida ke da injin niƙa ba, kuma ba wanda ya ɗauki hakan abin kunya. Uwargida ita ke zaɓen hatsinta. Ita ke surfe, ta wanke, ta shanya. Sannan ta aika yaro da kwano wurin mai inji. Gari na dawowa ta tankaɗe, ta duba ko ya yi laushi. Niƙa kawai ta bayar. Ba ta ba mai inji tukunyarta ba. Haka ya kamata mu yi da littafi.

Yanzu mu leƙa tarihi, domin wasu sun riga mu bin wannan hanya.

A Zariya, a farkon shekarun 1930, akwai hukumar da ake kira Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Ita ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga makarantar midil ta Katsina, ya zauna a Zariya na wasu watanni yana rubuta Magana Jari Ce. Yana rubutawa, ana dubawa, ana gyarawa. A watan Janairu na 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta.

Ku lura da abu guda, masu saurare. Kamfanin Gaskiya da manyan injinansa na Tukur-Tukur bai zo ba sai 1945. Wato Magana Jari Ce ta riga injinan. Abin da ya sa har yau jikokinmu ke karanta ta ba ƙarfe ba ne. Mutane ne suka zauna a kan magana har ta nuna.

Daga baya, a shekarun 1950, aka kafa hukumar NORLA a can Zariya. Ita kam ta ɗauki komai a kanta. Ita ke neman marubuta, ita ke fitar da littattafai, ita ke kai su kasuwa. Har jaridun larduna ta riƙa fitarwa, irin su Himma ta maƙwabtanmu na Katsina. Ta yi aikin da ba za a manta ba. Amma kaya ya yi nauyi, kuɗi ya gaza, a 1959 aka rufe ta. Lokacin da aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, sai da aka haɗa hannu da kamfanin Macmillan na Ingila. Idan hukumar da gwamnatin Arewacin Najeriya gaba ɗaya ke tsaye a bayanta ta ji nauyin yin komai ita kaɗai, ina ga ƙungiyar manoma ko ƙaramar ma'aikata a Madarunfa?

Wannan gefe ɗaya ke nan. Mu juya ɗaya gefen, mu nufi Kano.

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya shiga ƙunci. Manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Sai matasa suka ce ba za su jira kowa ba. Marubuci ya rubuta labarinsa, ya kai a buga masa a tafireta, ya nemi mai zanen bango, ya biya mai inji, ya ɗauki kayansa ya kai wa ƴan kasuwa. A haka su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka shiga gidajen mutane. Littattafan sun tsallako iyaka har kasuwar Maraɗi. Mata da yawa a nan sun ƙware a karatun boko ne saboda son su san yadda labari zai ƙare. Marubutan nan ba su da inji, amma sun cika ƙasar Hausa da littafi. Wannan abin jinjina ne.

Sai dai da yawa daga littattafan wancan zamani sun fita ba tare da wani ya tace su ba. Kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba. Haruffa a karkace. Wani shafin ma a juye. Malaman jami'a sun yi ta suka a kai, marubutan kuma sun yi ta mayar da martani. Ni a ganina laifin ba na ba da aiki a waje ba ne. Laifin shi ne an bar kujerar mai tacewa babu kowa.

Ku haɗa labaran nan biyu. Zariya ta nuna mana darajar mai tace magana, ta kuma nuna mana nauyin ɗaukar komai. Kano ta nuna mana cewa ana iya cika kasuwa da injin haya, ta kuma nuna mana abin da ke faruwa idan babu mai duba rubutu. Shi ya sa na ce, magana a gida, inji a waje.

Kuma wannan ba baƙon tsari ba ne a wurinmu. Ku dubi alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka. Takarda a kasuwa yake saya. Gafaka baduku ke ɗinka masa. Amma rubutun nasa ne. Shi ke fiƙe alƙalaminsa. Shi ke jera baƙaƙe da baƙar tawada, ya dawo ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya. In ya gama sai ya kai wa ƴan'uwansa mahaddata su bi shi harafi bayan harafi. Idan ma za a buga shi da yawa, mai inji hoton shafukan kawai yake ɗauka. Ba ya ƙara ɗigo, ba ya rage ɗigo. Malamanmu sun daɗe da sanin abin da ake sakin wa wani da abin da ake riƙewa.

To, mu zo kan kwaɗayin sayen inji, domin nan ne shugabannin ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe.

Na taɓa shiga wani ofishi a wannan jiha tamu. A kusurwar ɗaki ga wani babban inji an lulluɓe shi da tsohon zane. Ƙura ta yi masa kauri har ana iya rubutu a kai da yatsa. Wani shiri na taimako ne ya kawo shi. Ya yi aiki na ɗan lokaci, sai tawada ta ƙare, wani ɗan ƙarfe kuma ya karye a ciki. Mai gyara sai an kira shi daga nesa, kuɗin motarsa kaɗai ya fi ƙarfin asusun. Shirin ya ƙare, masu shi sun tafi. Ma'aikatan kuwa suna aika takardunsu cikin gari a buga musu, kamar yadda suke yi tun kafin injin ya zo. Abin ya sosa mini rai, domin kuɗin da aka zuba a wannan ƙarfe ya isa a horar da matasa su iya rubutun Hausa mai tsabta.

Babban injin ɗab'i yana son aiki kullum. Kafin ya buga shafi sai an yi masa faranti, kuɗin farantin nan kuwa ɗaya ne, ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu goma. Shi ya sa ƙaramin aiki ke tsada, babba ke araha. Mai sarrafa shi albashinsa na tafiya ko akwai aiki ko babu. Takarda da tawada daga ƙetare suke zuwa, ƙasarmu kuma ba ta da gaɓar teku. Ga ƙurar hunturu. Ga zafin bazara. Ga ɗaukewar wuta, ga kuɗin man janareto. Mai maɗaba'a a Maraɗi yana iya ɗaukar duk wannan, domin yau katin biki yake bugawa, gobe kalanda, jibi rasit na ƴan kasuwa. Ku kuwa da ke fitar da ƙasida ɗaya ko biyu a shekara, me zai ciyar da injin a sauran watanni?

Ban ce kada a mallaki komai ba. Kwamfuta da ƙaramin injin fotokofi suna da amfani. Takardar gayyatar taro, sanarwar rigakafi, jarrabawar ɗalibai, waɗannan ba sa jiran a je birni. Tun shekarun 1960 ma'aikatan yaƙi da jahilci a Nijar sun riƙa fitar da ƙananan jaridun karkara da harsunanmu, ana murza su a injin hannu, kuma sun yi amfani. Ƙaramin aiki, ƙaramin inji. Babban aiki, a nemi masu babban inji.

Yanzu kuma ga ɗaya haɗarin, kuma shi ya fi damuna. Shi ne a ɗauki komai a miƙa wa ɗan kwangila, a koma gefe a naɗe hannu.

Ga yadda abin ke faruwa. An rubuta bayani da Faransanci. An ba wani kamfani, an ce ya fassara, ya tsara, ya buga, ya kawo. Shi kuma ya ba wani yaro da ke zaune a gaban kwamfuta. Yaron yana jin Hausa, amma bai taɓa koyon rubuta ta ba. Allon madannansa na Faransanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Sai ya buga abin da ya samu. Bayan makonni mota ta sauke kwalaye. Takarda mai sheƙi, hotuna masu launi. An raba a ƙauyuka. Manomi ya buɗe, ya yi ta haɗa baƙi, ya kasa gane abin da ake nufi. Ƙarshenta mai tsire ya naɗe nama da ita.

In kuwa aka kai aikin fassara Kano, wata matsalar ce daban. Hausarsu mai kyau ce, amma ba duka ce tamu ba. Su da mudu suke awo, mu da tiya. Su naira suke lissafi, mu jika da dala. Kalmomin aronsu daga Ingilishi suke, namu daga Faransanci. A littafin labari wannan ba komai ba ne, har daɗi yake ƙarawa. Amma a takardar da ke gaya wa uwa yawan maganin da za ta ba jaririnta, ko wadda ke gaya wa manomi yawan ruwan da zai gauraya da maganin ƙwari, kuskuren awo na iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba daga sifiri muke farawa ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Cibiyar INDRAP a Yamai ta daɗe tana shirya littattafan makaranta da harsunan ƙasa. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar. Akwai gidan ɗab'i na Gashingo a Yamai da ke fitar da littattafai da harsunanmu. A nan kusa akwai malaman yaƙi da jahilci da suka yi ritaya, akwai malaman makarantun da ke koyarwa da harshe biyu, akwai ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi. Masu iyawa suna nan. Neman su ne ba a yi.

Sai tambayar da ke biye. Idan za a kai bugu waje, ina za a kai?

Maraɗi na nan a bakin ƙofa, ana zuwa a dawo kafin azahar. Yamai tana da manyan maɗaba'u, amma tafiyar ta haura kilomita 600. Kano ta fi kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma sau da yawa ta fi araha. Sai dai mu mutanen bakin iyaka mun ga abin da ya faru. Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 aka sake rufewa, har da yanke wutar lantarki, na tsawon watanni. Duk wanda aikinsa ke hannun mai inji a tsallake ya ɗanɗana kuɗarsa. Don haka kada ku rataya da mutum ɗaya. Ku san maɗaba'a biyu ko uku. Aikin gaggawa, da wanda kuke son ku tsaya a kansa, ku bar shi a Maraɗi. Babban aikin da ba ya sauri, ku nemi farashi a wurare daban-daban.

To, yaya za a yi mu'amala da mai inji ba tare da an ɓata ba?

A rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanku ne. A faɗi yawan kwafi, irin takarda, da ranar da za a kawo kaya. Kada a biya kuɗi duka tun farko. A bar wani kaso sai an ƙirga kaya an duba. Kafin inji ya tashi, ku ce a fitar muku da gwaji guda. Ku kawo shi gida. Ku tara mutum huɗu ko biyar daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu, mata da maza. Wani ya karanta da ƙarfi. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ko masu saurare suka kalli juna, ku sa alama ku gyara. Sai kun gamsu sannan ku sa hannu a kowane shafi. Bayan sa hannun nan, kuskuren da ya rage naku ne, wanda aka ƙara kuwa na mai inji ne.

Abu ɗaya kuma da ake yawan mantawa. Ku karɓi ainihin aikin da aka tsara a kwamfuta, ku adana a wurinku, a wuri fiye da ɗaya. Idan ya zauna a kwamfutar mai inji, ranar da kuka so sake bugu sai yadda ya yi da ku. Marubuta kuma ku sani, biyan kuɗin bugu ba ya mayar da littafinku mallakar mai inji. Akwai hukumar BNDA mai kare haƙƙin mawallafa a ƙasar nan. Ku neme ta.

Na san wani zai ce, malam, ƙungiyarmu ƙarama ce, ba mu da kuɗin ɗaukar mai tace rubutu. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan uzuri. Amma ba dole kowace ƙungiya ta ɗauki nata ba. Ƙungiyoyin gari ɗaya na iya haɗuwa su riƙe mutum guda. Ma'aikatun magadan gari na gundumar Madarunfa na iya haɗa ƙarfi su riƙe mutum biyu, ɗaya mai fassara da tacewa, ɗaya mai tsara shafi. Abin da nake nufi da gida ba bango ba ne. Mutum ne wanda ya san jama'arku, wanda kuke gani a masallaci da kasuwa, wanda za ku iya kira ku ce zo ka ga abin da ka rubuta. Kuma a biya shi haƙƙinsa. Abin takaici ne a zuba jika ɗari-ɗari a takarda mai sheƙi, sannan a sallami wanda ya gyara maganar da kuɗin goro.

Ku ma masu maɗaba'a na Maraɗi, ina da magana da ku. Aikin Hausa na tafe, kuma zai yi yawa. Ku sa haruffan Hausa a kwamfutocinku, ana samun su kyauta a intanet. Ku tura yaranku su koyi ƙa'idar rubutu. Wanda ya riga shiryawa shi zai ci kasuwar.

Masu saurare, iyayena da ƴan'uwana, ga roƙona. Duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ko kwamitin makaranta, ko majalisar gari, idan aka kawo zancen buga takarda, kada ku fara da tambayar nawa ne inji. Ku tambaya, wa zai rubuta? Wa zai tace? Wa zai karanta wa mutanenmu kafin a buga? Ku riƙe maganarku a gida, ku nemi inji a waje. Idan kuma kun san wani yaro ko yarinya mai hannun rubutun Hausa a unguwarku, ku ƙarfafa masa gwiwa, ku kai sunansa gaban shugabanninku.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. A huta lafiya.